Godiya ga duk wanda ya sa hannu a lesin ɗin JAMB na unguwarmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi sakamakon JAMB, jarabawar shiga jami'a, ya fito, yaran nan namu da muka yi ta fama da su a lesin kyauta yawancinsu sun fidda mu kunya, wasu ma lissafin da suke gudu ne ya ɗaga musu maki. A madadin ƙungiyar matasan unguwa nake wannan godiya, ba zan kama suna ba don wasu sun ce in na ambace su za mu ɓata.

Hedimastan firamarenmu da ya ba mu aji biyu kullum bayan la'asar, Allah ya saka da alheri. Alhajin da ya riƙa zuba mana mai a janareta, da mai shagon kwamfuta da ya bar yara suna koyon danna amsa a allo kyauta, da iyayenmu mata da suka haƙura da aike da wanke-wanke suka sako mana 'yan matan, mun gode, mun gode.

Amma wallahi godiya ta musamman ta malamin lissafi ce. Mutumin nan daga wurin aikinsa yake zuwa a kan mashin, alli ma da kuɗinsa yake saya. Tambaya 40 ce ta lissafi a JAMB, kuma duka tambayoyi 180 na darussa huɗun nan awa biyu kacal ake ba yaro, to shi Malam sai ya ce babu lokacin dogon rubutu, a koyi gane tarko tun daga nesa. Tarkon da ya fi daɗewa a kai shi ne na abareji, irin wanda ake haɗa ɓangare biyu da yawansu ba ɗaya ba.

Ranar da ya fara sai ya rubuta a allo: aji mai maza 30 da mata 20, abarejin maza 60, na mata 70, nawa ne na ajin gaba ɗaya? Kafin ya juyo har an ɗau ihu, 65 Malam, 65! Ya yi dariya ya ce ai masu shirya jarabawa sun san za ku ce haka, shi ya sa za ku tarar da 65 ɗin zaune cikin zaɓin amsa tana jiranku. Ya ce a koma jimla tukuna. Maza 30 sau 60, 1,800. Mata 20 sau 70, 1,400. A haɗa, 3,200, a raba wa mutum 50, 64 ke nan. Tunda maza sun fi yawa dole amsa ta karkata wajensu, don haka duk zaɓin da ya kai 65 ko ya wuce ka soke shi tun kafin ka taɓa kalkuleta.

Wata yarinya ta ce ita fa har yanzu bai shige ta ba. Sai ya tambaye ta, in Umma ta sayi masara kwano 3, kowane kwano 1,000, ta ƙara kwano 2, kowane kwano 1,500, ta juye a buhu ɗaya, nawa kwano ya kama mata? Ko biro ba ta ɗauka ba ta ce dubu shida ne a kwano biyar, 1,200. Malam ya ce to me kike tsoro, abin da kike yi a gida ne aka sa masa turanci.

Na mota ne ya fi kayar da mutane, har da mu manya da muke zaune a baya muna cika baki. Tafiyar kilomita 180, ka je da gudun 60 ka dawo da 90, kowa 75 yake cewa. Alhali zuwa ya ci awa 3, dawowa awa 2, kilomita 360 cikin awa 5, amsa 72. A nan lokaci ne ke karkatar da amsa, don ka fi daɗewa a kan hanya kana tafiyar hawainiya.

Ya kuma ce musu kada su yar da wannan bayan jarabawa, da shi ake lissafa GPA, wato abarejin makin ɗalibi, a jami'a, inda A ke da maki 5, C kuma maki 3 a kowane yunit. A ɗin kwas mai yunit 3 maki 15 ne, C ɗin mai yunit 2 maki 6, 21 a raba 5 ya ba da 4.2, ba 4 ba. Ni dai a ganina wannan kaɗai ya isa a yi masa addu'a, don da yawa sai sun sha ƙasa a aji ɗaya suke gane kwas mai yunit da yawa ba abin wasa ba ne.

Malam, ba mu da abin biyanka. Allah ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a, ya sa a mizani.

Waɗanda makinsu bai kai yadda suke so ba kada su ɓuya a gida don Allah, ku zo mu zauna mu duba abin yi. Masu littattafan tambayoyin shekarun baya kuma a dawo da su wurin sakatare, akwai ƙannenku da ke jira.