Akawal ya tsufa, ga abin da muke masa na ciwon gaɓɓai

Akawal dokin mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Yana ɗan shekara 4 aka kawo shi gidanmu a nan cikin birnin Zariya, yanzu ga shi ya kai 22. Tun ina yaro ina bin bayansa da ƙafa ranar hawan sallah har na girma ni ma na hau shi hawan bariki da hawan daushe, don haka in na ce dokin nan ɗan gida ne ba wai faɗa kawai nake ba.

Hunturun bara ne abin ya fara fitowa fili. Da asuba in Baba mai kula mana da barga ya kwance shi daga turke sai ka ga yana taka ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka ƙaya, yana jan bakin kofato a ƙasa har yana barin layi a rairayi, amma in ya yi tafiyar minti goma sai ya ware kamar ba shi ba. Wannan warewar ita ta yaudare mu, muka ce sanyi ne kawai. Sai ranar da Baba ya kira ni ya ce “zo nan ɗana ka gani, kwana huɗu ke nan dokin nan bai kwanta ba, ba ƙura ko kaɗan a gefensa.” Ashe tsoron tashi yake ji shi ya sa ba ya kwanciya. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi.

Kuskuren da na yi zan faɗa don kada wani ya maimaita. Wani mai sayar da maganin dabbobi na kira, ya zo ya yi masa allura a wuya, aka ce ta jijiya ce, ashe maganin ya zube a gefen jijiyar. Kwana biyu wuyan ya kumbura ya yi zafi, daga baya wurin ya fashe, sai da muka yi kusan wata muna wanke gyambo. Maganin fenilbutazon ne, na rage zafin ciwo da kumburi, kuma allurarsa in ba cikin jijiyar jini ta shiga ba cin nama take yi.

Daga nan ne muka nemi likita daga asibitin dabbobi na ABU da ke Samaru. Bai taɓa sirinji ba sai da ya sa aka ja dokin gaba da baya a kan ƙasa mai tauri yana kallo, sannan ya ɗaga ƙafar baya ya lanƙwasa ya riƙe kamar minti ɗaya, yana saki ya ce a ja shi da sassarfa, nan take ɗingishin ya fito ƙarara. Hoton ƙashi ya nuna amosanin gaɓɓai ne a gwiwar baya. Yadda ya yi min bayani, akwai guringuntsi mai santsi da ya rufe kan ƙasusuwa a cikin gaɓa, shekaru da aiki su ke cinye shi, ruwan gaɓar ya tsinke, ƙashi ya riƙa tsiro a gefe. Ya ce “Malam, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai warkar, abin da ya cinye ba ya dawowa, rage zafi za mu yi mu kuma rage saurin lalacewar.”

Toh maganin farko dai shi ne wannan fenilbutazon ɗin, amma na baki, gwargwadon nauyin doki, na ƴan kwanaki a lokacin da ciwon ya motsa. Yana aiki sosai kuma ba tsada, matsalarsa in aka daɗe ana bayarwa ko aka wuce ƙima yana kawo gyambon ciki da na hanji yana kuma taɓa ƙoda, musamman dokin da ba ya samun ruwa isasshe, kun dai san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu. Ba a kuma haɗa shi da fuluniksin, ƴan gida ɗaya ne, haɗa su ƙara illa ne. Akwai firokoksib da ake sayarwa da sunan Equioxx, ƙwaya mai miligiram 57 sau ɗaya a rana, ya fi sauƙi ga ciki, sai dai tsada.

Sai allurar cikin gaɓa, sitiroyid, wato magungunan rage kumburi irin su tirayamsinolon, wani lokaci a haɗa da sinadarin hayaluronik mai ƙara wa ruwan gaɓa yauƙi. Ita aka yi wa Akawal sau ɗaya kuma ta taimaka na watanni. Na tsaya na ga yadda aka yi ta goge wurin da sabulun kashe ƙwayoyin cuta ana sakewa kafin allura ta shiga, domin in ƙwayar cuta ta shiga gaɓa ana iya rasa dokin gaba ɗaya. Ga doki mai ƙiba kuma sitiroyid na iya tayar da kumburin cikin kofato, wanda ya fi amosanin muni, shi ya sa nake jin tsoron yadda ake dirka wa dawakai deksametazon barkatai, don shi ma sitiroyid ne. Likitan ya kuma ambata min Adequan, allurar tsoka miligiram 500 duk bayan kwana 4 har sau 7, da wata hanya da ake ɗibar jinin dokin a tace a mayar cikin gaɓar, waɗannan kam aljihuna bai kai ba. Garin gulukosamin da ake zubawa a abinci ya ce hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi, gara in kashe kuɗin a kan kofato.

Kuma gaskiya abin da ya fi canja Akawal a idona ba allurar ba ce, kwance shi daga turke ne. Mu nan mun saba doki ya wuni ya kwana a ɗaure, ana tura masa dawa da dusa ya yi ɓul-ɓul, sai sallah ta matso a fito da shi a yi ta sukuwa, to gaɓa mai ciwo ba abin da ta ƙi kamar tsayuwa wuri ɗaya da nauyi. Muka kewaye masa fili a bayan gida yana yawo yadda ya so, muka zuba rairayi mai laushi inda yake kwana, muka rage hatsi muka ƙara ciyawa da harawa. Kullum da hantsi Baba na jansa tafiyar minti 20, a hankali, ba hawa. Kofato kuma duk sati 6 ake gyarawa don in ya yi tsawo ko ya karkace gaɓar ce ke ɗaukar wahalar. Baba da farko ya so a yi masa lalas kamar yadda suka taso suka ga ana yi, na ce “Baba don Allah a bar wutar nan, ƙuna ce a fata, ciwon yana can ciki.” Bai ji daɗi ba amma ya haƙura.

Da ƙaramar sallah ta zo ƴan uwa suka matsa, wai a ba shi magani kwana uku kafin hawa zai iya, ai dokin Alhaji bai taɓa fashin hawa ba. Na san zai iya ɗin, maganin zai ɓoye zafin ya yi rawa ya yi sukuwa, mu sha tafi shi kuma ya biya bashin bayan sallah. Na ƙi. Da aka fara jin tambura da algaita daga wajen fada ya ɗaga kai yana haniniya yana zagaye filin, ni da Baba muna tsaye ba wanda ya ce uffan.

Shekaranjiya da safe na shiga na tarar da rairayi manne a gefensa na hagu tun daga kafaɗa har cinya, ya kwanta cikin dare ya kuma tashi da kansa. Na kira Baba ya zo ya gani kafin a goge.