Ranar da na naɗa monita Sarkin Ingila a aji

Shekara uku ina koyar da farkon mulkin Ingila a Amurka, kuma kullum rabin aji gyangyaɗi suke. Shekaru kawai nake jero musu: 1606 Sarki James na ɗaya ya ba kamfanin 'yan kasuwar Landan takardar izini, 1607 suka kafa Jamestown a Bajiniya, 1619 mazauna suka samu majalisa, 1624 sarki ya ƙwace izinin, ya zama daga fada ake naɗo gwamna. Su haddace su zuba a jarrabawa su manta, shi ke nan.

Bana sai na ce bari in gwada wata dabara. Na zaunar da monita a gaban allo, shi ne sarki. Can ƙarshen aji na ajiye gwamna da 'yan majalisa shida, manoman taba. Sharaɗi ɗaya ne, sarki ba ya magana da gwamna baki da baki sai dai ya rubuta, wani ɗalibi shi ne jirgin ruwa, zai ɗauki takardar ya zagaya bayan ginin kafin ya kai, tunda a zamanin wasiƙa takan kwashe kusan wata biyu a teku, amsa ma haka. Sannan na ba majalisa alawa ashirin na ce albashin gwamna a hannunsu yake.

Wallahi ko minti goma ba a yi ba abin ya rikice. Sarki ya rubuto a ƙara haraji, majalisa suka ce to ba alawa, gwamna ya dubi allo ya dubi ledar alawa, sai ya amsa wa sarki wai ana kan duba lamarin. Jirgin namu kuma ya tsaya sayen fiya wata a hanya, sarki na ta huci ba yadda zai yi.

Nan fa labarin John Harvey, gwamnan Bajiniya, ya shiga kunnensu. A 1635 'yan majalisar shawararsa ne suka tsige shi suka tura shi Ingila, Sarki Charles na ɗaya ya mai do shi a 1637 don kar a raina sarauta, amma 1639 aka sauya shi. Haka Edmund Andros, da James na biyu ya haɗe yankunan New England, can arewa da Bajiniya, ya ɗora shi gwamna a 1686 babu majalisar zaɓe, labarin tunɓuke sarkin na isowa Boston a 1689 mutane suka kama shi suka kulle. Da can sai in ce sarki ya karɓi mulki in wuce, kamar daga ranar komai ya tafi yadda fada ke so, ashe ni ma ban fahimci abin ba.

Na yi kurakurai fa. Riƙe albashin nan ya fi dacewa da Massachusetts da New York, a Bajiniya tun 1680 akwai harajin sule biyu kan kowace gangar taba da ake biyan gwamna da shi, sai washegari na gyara musu.

Babban kuskuren wata ɗaliba ce ta tono shi. Ta ce Malam wannan ai kamar Royal Niger Company ne, izini a 1886, gwamnatin Ingila ta karɓe a 1900. Na ce haka ne. Ta ce to mu nan an san masu ƙasar, a wasan nan ina masu ƙasar? Na yi shiru, don kuwa ban ba kowa matsayin mutanen Powhatan, 'yan asalin ƙasar Bajiniya, ba, alhali harin da suka kai a 1622, da ya kashe Turawa 347, yana cikin abin da ya kayar da kamfanin Landan ɗin. Baɗi su zan fara zaunarwa, tun kafin jirgi ya iso.