Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ɗan aike

Wancan satin na tsaya inda na shiga aji uku a Zariya, amma bari in ɗan koma baya don maganar Kawu ta ƙi barina. Tun ina yaro a gidanmu na Rafindaɗi shi ke zama zaure da goronsa, baƙo ya yi sallama ya tsaya nan, ni ake turawa ciki in ce Hajiya wai ana sallama. Ranar da na kai mishi takardar admishan ko kallonta bai yi ba, ya ce kai dai ɗan aike ne, ɗan aike ba ya zama maigida. Su Yaya Babba duk suna wurin, ba wanda ya ce uffan.

To a aji ukun nan ne malamin famakoloji, wato ilimin magunguna, ya zana mana ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa a allo, ya ce sinadarin saƙo irin su dofamin ba ya shiga ciki, bakin ƙofa yake tsayawa ya manne wa wani mai karɓa da ya ratsa bangon ƙwayar sau 7. Mai kai saƙon ciki shi ne furotin G, yanki uku gare shi, alfa da beta da gama. Yana zaune riƙe da wani ɗan sinadari, GDP, kamar mai gyangyaɗi, ana taɓa ƙofa sai ya saki GDP ya cafki ɗan'uwansa GTP mai kunna shi, alfa ta balle ta je ta zaburar da enzayim, wato furotin mai haɗa cAMP, sinadarin da ke yaɗa saƙon a cikin ƙwayar, ko ta kwantar da shi, beta da gama su ma su buɗe mashigar fotasiyam, can kuma alfa da kanta ta mai da GTP ɗin GDP ta dawo ta zauna. Wallahi dariya ce ta kama ni a aji, zauren Kawu sak. Masana Gilman da Rodbell da suka gano furotin G ɗin har Nobel aka ba su a 1994, a kan ɗan aike fa!

Goron Kawu ma, sinadarin kafeyin da ke ciki ƙofar adenosin yake toshewa don kada saƙon barci ya shiga. Har ya rasu ban gaya mishi ba, Allah ya jiƙansa, abin yana cina har yau.

Da autansa ya faɗa shan tiramol, wanda shi ma ta irin wannan ƙofar yake aiki, duk dangi ni aka nema cikin dare, ina rufe shago. Matar Kawu yaro ta aiko, wai a ce da likita ya zo. Sati mai zuwa zan faɗi yadda muka kwana.