Laraba, rana ta 7: awon ƙafafun talibambam

Hunturu ya sauko Samaru da ƙarfi yau, tun asuba hazo ya rufe gari. Abin da aka fara dubawa a ɗakin gwaji shi ne ma'aunin zafi, domin gwajin da muke yi na duba ko wani sinadari yana taɓa glandar tayirod ta talibambam ne, kuma ƙa'idarsa, ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD mai lamba 231, wadda aka amince da ita a 2009, ta ce ruwan tankuna ya tsaya a digiri 22, kada ya hau ko ya sauka da fiye da ɗaya. A Zariya wannan sharaɗi ba wasa ba ne. Da sanyi ruwa na hucewa cikin dare, da bazara sai an sanyaya ɗakin, in kuma wuta ta ɗauke dole janareta ya tashi nan take. Talibambam in ya ji sanyi girmansa ja da baya yake yi, sai a ɗora wa sinadari laifin da na yanayi ne.

Tanki 16 ne, kowanne lita 4 na ruwa mai gudana, mililita 25 a minti. Huɗu ruwa ne zalla, sauran 12 an raba su kashi uku bisa ƙarfin sinadarin. Kowane tanki an zuba masa 'ya'yan kwaɗon Xenopus laevis guda 20, dukansu a mataki na 51 na girman talibambam, lokacin da ƙafar baya ɗan toho ce kawai da sai da madubin ƙara girma ake ganin siffarta. Dalilin zaɓen kwaɗo shi ne ba ya fitar da ƙafa ya shanye wutsiya sai da ruwan tayirod, T4 da T3, irin wanda ke jikin ɗan Adam sak. Tun 1912 Gudernatsch ya ciyar da talibambam tayirod ɗin doki, suka rikiɗe kafin lokacinsu.

Yau aka kwashi biyar-biyar daga kowane tanki, 80 ke nan. Ana sa su a ruwan MS-222, maganin sa barci da ake kashe su da shi, wanda aka gauraya da bakabonet, don MS-222 shi kaɗai tsami gare shi, yana azabtar da su kafin su mutu. Sai a tsane kowanne a hankali, a auna nauyinsa, a kwantar da shi a ɗauki hoto. Ƙafar baya ta hagu ake aunawa, sannan tsawon jiki daga hanci zuwa mafitar kashi, a raba na farko da na biyu. In ba a raba ba, ƙaton talibambam zai yi kama da wanda ya yi gaba a rikiɗa alhali ƙiba ce kawai.

Wata ɗaliba ta lura ƙafafun tankunan da suka fi yawan sinadari sun fi gajarta, ta ce, "Malam, ke nan ya taɓa tayirod?"

Na ce mata tukuna. Jinkiri shi kaɗai ba hujja ba ne, don guba kowace iri na tsayar da girma, haka yunwa, haka ƙarancin iskar ruwa. Abin da ke nuna tayirod kai tsaye shi ne gaggawa, ko kuma gaɓoɓi su saɓa wa juna, ƙafa ta yi gaba wutsiya ta tsaya. Shi jinkiri sai rana ta 21 za a yanke masa hukunci, in an yanka glandar siriri an duba ta. Sinadari irin fakuloret yana tare ƙofar da aidin, wanda da shi ake haɗa ruwan tayirod, ke shiga glandar, metimazol kuma yana hana haɗa ruwan tayirod ɗin. Ko wanne ne, T4 na raguwa, ƙwaƙwalwa ta dinga turo TSH, saƙon da ke zaburar da glandar, ƙwayoyin glandar su kumbura su yawaita, ajiyar da ke tsakiyarsu ta ƙafe. Maƙoƙo ne, irin wanda muke gani a wuyan mutane, sai dai a jikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. Wannan shi ya sa aikin ke da nauyi a wurina: mace mai ciki da ke shan gurɓataccen ruwa, ƙwaƙwalwar jaririnta na dogara da wannan ruwan tayirod ɗin.

Da la'asar aka sake ɗiban ruwa don awon aidin. Ana so ya kasance tsakanin maikurogiram 0.5 zuwa 10 a lita. Ruwan burtsatse ba a yarda da shi da ka, sai an auna. In aidin ya yi kaɗan, tankunan ruwa zalla ma za su makara, ba za su kai mataki na 57 da ake buƙata a ƙarshe ba, gwajin duka ya lalace. In ya yi yawa kuma, sai ya rufe wa sinadarin asiri.

An zuƙe kashin da ya kwanta a gindin tankuna. Abinci yau miligiram 40 ne ga kowane talibambam, gobe ya koma 50, kuma lissafin na 15 ne a tanki, ba 20 ba. An rubuta haka da babban baƙi a jikin allo don mai zuwa da safe.