Yadda na sauya birkin GTO ta 1966 ba tare da na ɓata kamanninta ba

Motata Pontiac GTO ce ƙirar 1966, wadda na saya a hannun wani dattijo a jihar Mishigan ta Amurka, inda nake zaune da iyalina. Tana cikin motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji, domin babban inji aka ɗora wa mota matsakaiciya: silinda takwas, lita 6.4, ƙarfin doki 335. A wannan shekarar an ƙera guda 96,946, adadin da GTO ba ta sake kaiwa ba. Amma duk da wannan ƙarfi, abin da aka ba ta na tsayawa shi ne birkin ganga mai faɗin inci 9.5 a ƙafafu huɗu, da masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda, mai rijiyar mai guda ɗaya wanda ke ciyar da su baki ɗaya.

Na daɗe da sanin cewa ganga tana yin zafi idan aka taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu a jere, har ta daina kamawa yadda ya kamata, amma na riƙa haƙuri da ita saboda ina son motar kamar yadda ta fito daga masana'anta. Abin da ya sauya mini ra'ayi ya faru ne wata Asabar cikin watan Agusta, ina dawowa daga hanyar Wudwad, inda masu tsofaffin motoci ke yin jerin gwano kowace shekara tsakanin Ditiroit da garin Pontiac. Ina gab da fitilar ba da hannu na taka birki, sai fedar ta nutse har ƙasa ba tare da ta riƙe komai ba. Da sauke giya da kuma birkin ajiye mota, wanda a wannan ƙira da ƙafar hagu ake taka shi, Allah ya sa na tsaya, ɗana yana zaune a gefena. Da muka ɗaga motar, sai muka ga gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara ya cinye bututun ƙarfe mai kai man birki baya, ya yi masa huji ƙanƙani. Tun da rijiyar ɗaya ce, wannan hujin ya isa ya raba ƙafafu huɗun da birki a lokaci guda.

Sai na yanke shawarar komawa birkin faifai, wanda wani mamatsi da ake kira kalifa ke matse faifan ƙarfe ya tsayar da taya. A kasuwa akwai kayan zamani masu faifai inci 13 da kalifa ja mai sheƙi, sai dai ba sa shiga sai an sa wili inci 17, kuma a ganina GTO ta 1966 a kan irin wannan wili ta tashi daga GTO. Wani tsohon bakanike a unguwarmu ne ya nuna mini hanya. Ya ce kamfanin General Motors, wanda ya ƙera motar, da kansa ya riga ya warware matsalar, domin daga 1964 zuwa 1972 ƙafafun gaban motocinsa GTO da Chevelle da Cutlass da Skylark tsari ɗaya ne, kuma daga 1969 an riƙa sa musu faifai inci 11 da kalifa mai fistin ɗaya. Saboda haka sandar da taya ke juyawa a kanta, da maɗaurin kalifa, da farantin kare ƙura, duk suna hawa kan tawa motar ba yanka ba walda. Na samo sandunan asali daga wata Chevelle a wurin masu sayar da matattun motoci, na kai aka duba ko akwai tsaga a jikinsu, sannan na sayi faifai da boris da tiyo sababbi. Na bar ganga a baya, domin gaba ke ɗaukar mafi yawan nauyi lokacin tsayawa.

Wuri ɗaya ne na yarda ido ya ga bambanci, wato mastan. Daga ƙirar 1967 motocin Amurka suka koma masta mai rijiya biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ta yadda idan ɓangare ɗaya ya zubar da mai, ɗayan zai tsayar da mota. Na san alƙalan gasar tsofaffin motoci za su rage mini maki a kan wannan, amma bayan abin da na gani a Wudwad ban tsaya shawara ba. Abin da na yi shi ne zaɓen masta na zubin ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa da waya, da busta, wato abin da ke ƙara wa takun feda ƙarfi, mai launin zinariya-zinariya irin na masu ƙera birki Delco Moraine, don kada wani abu mai ƙyalli na alminiyam ya yi fice a ƙarƙashin bonet. Bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai zuwa baya, don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa, na ɗaure shi a jikin shasi inda ba a gani. Bututan kuwa na ƙarfe na sa, masu naɗin waya a wuraren da tsakuwa ke duka, na lanƙwasa su bisa hanyar tsofaffin.

Wili ne ya fi ba ni wahala, kuma laifina ne, domin ban gwada shi ba kafin na ɗaure komai. Wilin asali inci 14 an yi shi ne don ganga, cikinsa ba shi da zurfin da kalifa ke bukata. Da na ɗora shi na juya da hannu, sai na ji ƙarfe yana gogar ƙarfe, na cire na tarar da farin zane a bayan kalifar. Wasu sun ce in goge kalifar da giranda, wasu sun ce in sa zobe tsakanin wili da faifai. Na ƙi duka biyun, domin na farko rage naman abin da rayuwata ta rataya a kansa ne, na biyu kuma yana turo taya waje ya rage tsawon kusar da noti ke kamawa. Mako uku na yi ina neman wili baƙi inci 14 na motocin da suka fito da faifai tun daga masana'anta. Da na same su na yi musu fenti, na mayar da murfin wilina na asali da tayoyi masu jan layi a gefe, wanda ya tsaya kusa da motar ba zai ce an taɓa komai ba.

Kuskure na biyu ya cinye mini yini biyu. Na zaunar da ɗana a kujerar direba, ni kuma ina kwance a ƙasa da sifana da kwalba, ina cewa ya taka, ya riƙe, ya saki. Mun ƙarar da gwangwanin man birki biyu, amma duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce, "Baba, har yanzu laushi take yi." Da yamma ta biyu na haska tocila, sai na ga ƙusar fitar da iska tana ƙasan kalifa. Ashe na sa ta dama a hagu, ta hagu a dama, ga shi iska sama take taruwa, don haka ko shekara muka yi ba za ta fita ba. Da na musanya su, cikin minti ashirin fedar ta yi tauri. A nan ne kuma na lura da cewa fedar tana da huji biyu, na sama don birki marar busta, na ƙasa don mai busta, sai na mayar da sandar masta hujin ƙasa. Man birki nau'in DOT 3 na zuba, na lulluɓe fenda da tsumma, domin ɗigo ɗaya yana cin fenti.

Kafin na shiga gari na nemi hanyar da babu kowa, na riƙa kai motar mil 40 a sa'a ina rage gudu da ƙarfi ba tare da na tsaya cik ba, kamar sau goma, sannan na yi tafiya mai nisa don faifan su huce. Yanzu tana tsayawa a miƙe, ba ta fizgar sitiyari gefe kamar da, kuma taka ta biyar daidai take da ta farko. Ba ta zama motar zamani ba, domin siraran tayoyinta ne ke iyakance tsayawarta, shi ya sa har yau nake barin tazara mai yawa tsakanina da na gaba.

Tsofaffin gangunan da sandunansu da mastan mai rijiya ɗaya na wanke su, na shafa musu mai, na rubuta wa kowanne gefen da ya fito, na ajiye su cikin akwatin katako a gareji. Ban huda shasi ba, ban yanke komai ba, don haka duk wanda motar ta koma hannunsa bayana zai iya mayar da ita yadda ta fito a 1966 cikin kwana biyu, idan ya ga dama.