Darussan aikin ciwon ƙoda: fitsari kan riga jini magana

Ciwon ƙoda mai daɗewa ba ya shigowa da sallama. Mutum na iya rasa rabin aikin ƙodarsa yana noma, yana kasuwa, bai ji komai ba. Kafin kumburin ƙafa da fuska, tashin zuciya, ƙaiƙayi da ƙarancin jini su fito fili, galibi abu ya yi nisa. Duk wanda ya daɗe a wannan fanni ya san cewa yawancin abin da ake iya ceta, tun kafin alamun nan ake cetonsa.

Gwajin da aka fi rubutawa shi ne kiriyatinin na jini, amma lambar ita kaɗai tana yaudara. Daga tsoka sinadarin ke fitowa, ƙoda ce ke tace shi daga jini. Sakamakon 1.2 a jikin ƙaton matashi ɗan dako ba abin damuwa ba ne, a jikin tsohuwa ramammiya kuwa yana iya nufin ƙodar ta sauka zuwa rabi. Shi ya sa ake haɗa shi da shekaru da jinsi a fitar da ƙiyasin tacewa, wato eGFR. Idan ya zauna ƙasa da 60 har fiye da wata 3, ciwon ya tabbata. Ƙasa da 15 shi ne mataki na biyar, wato na ƙarshe. Sharaɗin wata ukun ba ado ba ne, domin gudawa ko zazzaɓi mai tsanani kan tayar da kiriyatinin na ɗan lokaci. A kuma duba ma'aunin da ɗakin gwaji ya yi amfani da shi wajen kiriyatinin: wani da miligiram yake rubutawa, wani da maikuromol, kuma 1 a na farko daidai yake da kusan 88 a na biyu. Tsohon lissafin eGFR yana ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100, abin da ke sa ƙodar ta zama kamar ta fi yadda take lafiya. A 2021 aka fitar da sabon lissafi da ya cire wannan ƙari.

Inda aka fi sakaci shi ne fitsari. Ƙoda rariya ce, idan ta fara yagewa furotin ɗin albumin ne ke fara zuba, sau da yawa shekaru kafin jini ya nuna komai, musamman ga mai ciwon suga. Tsinken da ake tsomawa a fitsari ba ya kama ƙaramar zuba. Abin da ake so shi ne a auna albumin a kwatanta shi da kiriyatinin na fitsarin: ƙasa da miligiram 30 a kowane giram lafiya lau, 30 zuwa 300 ɓarna ta fara, sama da 300 ta yi ƙarfi. Fitsarin farko na asuba ya fi. Zazzaɓi, jinin al'ada, ciwon mafitsara ko aikin ƙarfi a jajibirin gwaji duk suna ɗaga sakamako, don haka sai biyu daga cikin gwaji uku sun nuna, a tsakanin wata 3 zuwa 6, kafin a yanke hukunci. Duk mai hawan jini ko suga ya kamata a yi masa wannan sau ɗaya a shekara. Mutum biyu masu eGFR ɗaya, wanda ke zubar da albumin da yawa shi zai riga kai wa injin wankin ƙoda.

Hawan jini da suga su ne kan gaba, amma a Afirka ta Yamma ba su ne duka labarin ba. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci na ƙudan tsando amma suna raunana ƙoda. Binciken H3Africa a Najeriya da Ghana, kan mutum sama da 8,000, wanda aka buga a 2024, ya nuna ko sauyi ɗaya mutum ya gada haɗarinsa ya ɗan ƙaru, biyu kuwa sun fi. Gado ba hukunci ba ne, yawancin masu ɗauke da shi ba sa kamuwa. Amfanin saninsa shi ne a auna 'yan'uwan mai ciwon. Ga kuma sikila, ciwon hanta, HIV, tsargiya da ta toshe hanyar fitsari, da hawan jinin masu ciki da ake mantawa da shi da zarar an yi suna. Yankin Gashuwa a Yobe ya yi suna da yawan masu ciwon, ana kuma bincike a kai. A Nikaraguwa, inda matasa masu yankan rake ke kamuwa ba suga ba hawan jini, tanadar ruwa, inuwa da hutu ya rage raunin ƙoda lokacin girbi.

Tambayar da ba ta cin ko kobo ita ce: me kake sha ban da maganin asibiti? Kada a tsaya a kan "ba komai". A ambaci sunaye: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, haɗin ciwon jiki na kemis, jiƙo, maganin basir. Magungunan ciwon jikin nan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma idan suka haɗu da maganin hawan jini irin lisinopril da na sa fitsari, ga zafin rana ga ƙishirwa, ƙoda na iya tsayawa cikin kwanaki. A tambayi man shafawa ma, don wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin makuri mai guba.

Magani ya canja ƙwarai. Lisinopril ko losartan ne tushe ga mai zubar da albumin, amma ba a haɗa su biyun, ba a kuma ba mai ciki. Mako 2 zuwa 4 bayan farawa a sake auna kiriyatinin da fotashiyam. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kiriyatinin ya ɗan hau a tsorata a janye maganin, alhali hawan da bai kai kashi 30 cikin 100 ba alama ce ta raguwar matsi a cikin matatar. A 2020 gwajin maganin dapagliflozin kan mutum 4,304 ya nuna raguwar kashi 39 cikin 100 a haɗarin taɓarɓarewar ƙoda ko mutuwa ta dalilin ƙoda ko zuciya, har ga waɗanda ba su da suga. A 2022 empagliflozin ya ba da kashi 28 a mutum 6,609. Kowannensu ƙwaya ɗaya ta miligiram 10 ce a rana, ana dakatar da ita in ana amai ko gudawa. Metformin na masu ciwon suga kuwa a rage shi ƙasa da eGFR 45, a daina ƙasa da 30. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Batun azumi a yi shi da likita tun Sha'aban.

Wankin ƙoda a ƙa'ida sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama. Nazarin da aka tattara daga ƙasashen kudu da Sahara a 2017 ya nuna yawancin waɗanda suka fara suna dainawa, kuɗi ne babban dalili, kuma galibinsu suna rasuwa. A ganina faɗa wa iyali wannan lissafi tun kafin a sayar da gona yana cikin aikin likita. Idan eGFR ya sauka ƙasa da 30, a fara killace jijiyoyin hannun da mutum ba ya aiki da shi, kada a ɗibi jini ko a sa ƙarin ruwa a can, domin nan za a haɗa jijiyar wanki, ita kuma tana buƙatar aƙalla mako 6 kafin ta nuna. Wanda ya zo a makare sai a sa masa roba a wuya ko matsematsi, ita ce kuma ke shigar da ƙwayoyin cuta cikin jini. Dashe ya fi wanki tsawon rai, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yin sa tun 2002, amma maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar na kullum ne, kuma kuɗinsa na wata-wata ya kamata a fara lissafawa kafin kuɗin tiyata.