Babin da aka sa na cire daga furojet ɗina

Alhamdulillahi sakamako ya fito, mun gama, kuma tunda yanzu ba wanda zai danne min fayil a ofis zan iya faɗin abin da ya daɗe yana ci min rai. Ƙannenmu 'yan aji uku na ikonomiks da kuke ta turo min saƙo wai ko ku ɗauki irin maudu'ina, wato kwatanta makantalizim da jari-hujja, ku karanta wannan tukuna sai ku yanke shawara.

Abin da sufabaizana yake so tun farko shi ne tebur mai gida biyu. A hagu makantalizim, dukiyar ƙasa ita ce zinariya da azurfar da ta tara, a sayar wa waje da yawa a sayo kaɗan, gwamnati ta sa hannu a komai. A dama jari-hujja, kowa da dukiyarsa, kasuwa ke yanka farashi, ga gasa ga riba. Sai a ja layi a 1776, shekarar da Adam Smith ya fitar da littafinsa kan dukiyar ƙasashe, a ce nan ɗaya ya mutu aka haifi ɗayan. Haka yake a handawut ɗinsa, haka muka haddace muka ci jarrabawa.

Kuma teburin ba ƙarya ba ne fa. Thomas Mun, wanda darakta ne a East India, kamfanin Ingila mai cinikin Indiya, ra'ayinsa ke nan, Ingila ta riƙa sayar wa baƙi fiye da abin da take saya a wurinsu. Dokar jiragen ruwa ta 1651 ta ce kayan da za a shigo da su Ingila sai dai a jirgin Ingila ko jirgin ƙasar da ta yi kayan, don kawai a karya 'yan Holan da suka mamaye dakon teku. Colbert, ministan kuɗin sarkin Faransa, ya lafta haraji kan kayan waje, ya kafa masana'antu da kuɗin sarki, har ƙwararrun masu sana'a ya hana su barin ƙasa. Raunin tsarin ma a fili yake, Sifaniya ta kwaso azurfar Potosi da ke Kudancin Amurka jirgi-jirgi amma duk da haka a 1557 sarkinta ya kasa biyan bashi, kuma David Hume ya yi bayanin cewa in kuɗi suka cika gari kaya ba su ƙaru ba farashi ne kawai zai tashi. Smith ya zo ya ce dukiya ita ce abin da mutane ke nomawa da ƙerawa kowace shekara, ya caccaki kamfanonin da sarki ya ba su kasuwa su kaɗai. Duk wannan na rubuta shi a babi na biyu, Malam ya sa hannu ba gardama.

Matsalar ta fara ne da na tambayi kaina, to mu nan Katsina a wane gida na teburin muke? Saboda da na bi shekarun sai na ga layin 1776 bai raba komai ba. Ita kanta Ingila sai 1846 ta soke dokar da ke tare hatsin waje, dokokin jiragen ruwa kuma sai 1849, kuma kafin nan tun 1721 ta hana sayar da yawancin atamfar auduga irin ta Indiya a cikin gida har masaƙunta suka yi ƙarfi, sannan ta fito tana yi wa duniya wa'azin a buɗe kasuwa. Laifi tudu ne. Amurka ma Hamilton, sakataren baitulmalinta, tun 1791 yake cewa a kare masana'antun gida. Kai shi kansa Smith ɗin ya goyi bayan dokar jiragen ruwa saboda tsaron ƙasa, abin da ba a taɓa gaya mana a aji ba.

Sai na dawo gida, nan ne babi na huɗu. A 1886, shekara 110 bayan littafin Smith, Ingila ta ba kamfanin Royal Niger takardar izini ya riƙe cinikin kogin Kwara, irin dai wadda aka ba East India a 1600. Turawa suka ci Katsina a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan gyaɗa da auduga suka riƙa gangarawa teku ɗanye, atamfar Manchesta tana hawowa, a ƙasar da masaƙanta da marinanta suka yi suna har hayin Sahara. A ƙarshen shekarun 1940 aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, su ke yanka farashi, wakilansu masu lasisi ne kawai ke saye don fitarwa, manomi a biya shi ƙasa da farashin duniya rarar ta tafi asusun hukuma, ba a rushe su ba sai 1986 lokacin SAP, shirin garambawul ɗin tattalin arziki. Na zauna da wasu dattawa da suka yi noman auduga a yankin Funtuwa da Malumfashi, abin da suke tunawa shi ne sikeli da malamin awo da farashin da aka sanar, ba ka da ta cewa. Littafi na cewa zamanin jari-hujja ne, amma wanda ke gona bai ga wata gasa ba.

Na haɗa har da abin da muka gani da idonmu. Agustan 2019 aka rufe iyakoki don a tare shinkafar waje, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, ta Jibiya ma sai 2022 aka buɗe. Kawuna da ke kai kaya Maraɗi ya zauna a gida jarinsa na narkewa, buhun shinkafa ya yi tsada, injinan casa sun ƙaru gaskiya ne wannan ban ɓoye ba, amma 'yar waje ba ta daina shigowa ta daji ba, sai dai kuɗin da ake kashewa a hanya ya ƙaru kuma mai saye ne ya biya. Hujjar da aka kafa, mu daina ba wa waje kuɗinmu, da Mun zai ji ta zai gane kayansa. Ban kuma wanke jari-hujja ba, na rubuta yadda bayan an saki kasuwa harkar irin auduga ta lalace, masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa kayan waje suka cika kasuwa, ƙaramin manomi ya fita hannun hukuma ya faɗa hannun mai kuɗin da ke saye da kaka ya ɓoye sai bazara. Abin da na tsaya a kai shi ne in za a kwatanta tsarin nan biyu a duba wa aka ba izinin saye da sayarwa, wa aka hana, kuma wa ke biyan kuɗin kariyar, a makantalizim na kusa da fada ne ke ci, a jari-hujja mai babban jari, kuma a ƙasarmu sau da yawa mutum ɗaya ne.

Malam bai wuce shafin farko ba, na san haka don sauran shafukan ko lanƙwasa babu. Ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa ya ce, kai malam tarihi aka turo ka karanta ko ikonomiks? Na ce ranka ya daɗe ai kwatanci aka ce in yi, na ga ya kamata a gwada shi a kan abin da ya faru a nan. Ya ce shi shekara da shekaru yana koyar da kwas ɗin ba yaro ne zai zo ya sake masa tsari ba, kuma maganar boda siyasa ce kada in jawo masa. Wallahi da ya ce shekarar kaza ba daidai ba ce, ko hujjar nan ba ta tsaya ba, da na ji daɗi na koma na gyara. Ba gyara ko ɗaya. Ya ƙi sa hannu, in na zo a ce ya fita, in na kira ba ya ɗauka, abokaina suka yi difens ban da ni, a gida Baba yana tambaya ko wani laifi na yi. Daga ƙarshe na cire babin na mayar da teburinsa, a ranar ya sa hannu.

Ranar difens ɗina malamin da ya zo daga wata jami'a ya juya takardun ya ce duk wannan Turai ne, ina Najeriya a ciki, rufe boda a wane tsari zan sa shi? Na amsa masa daga babin da aka cire, tun daga kamfanin Royal Niger har Jibiya, ya yi ta gyaɗa kai yana rubutu, ya tambaya me ya sa ban sa wannan a ciki ba. Na yi shiru, Malam ma ya yi shiru yana duba wayarsa. C aka ba ni. Na yafe kuɗin firintin da zaman jiran, amma wannan C ɗin har yanzu in na kalli takardar sai na ji wani abu a ƙirjina.

Saura ƙanana ne. Kafin ku zaɓi maudu'i ku fara binciken wa za a haɗa ku da shi, ku tambayi waɗanda suka fita ta hannunsa. Duk gyaran da aka ce ku yi ku nemi a rubuta muku a jikin takarda, ku ajiye kwafi. Kada ku tsaya kan handawut, littafin Smith kyauta yake a intanet, kashi na huɗu ne ke maganar makantalizim. Ku je ku zauna da tsofaffin manoma da 'yan kasuwar kan iyaka tun suna raye.

Maudu'in yana da kyau, ku ɗauka in kun samu malamin da zai karanta abin da kuka rubuta. Babin yana nan a kwamfutata ban goge ba, da shi nake shirin neman mastas insha Allahu, a wata makarantar. Wanda yake so ya gani ya yi min magana in tura masa.